Kuskuren Alƙalin Wasa Ba Ya Halatta Nasara: Darasi Daga Filayen Jami'o'in Amurka



Akwai wata hikima a harshenmu wadda ba kasafai muke lura da ita ba. Da wasan ƙwallo ya shigo ƙasashenmu, magabata sun ga mutumin da ke tsaye a tsakiyar fili da usur a baki, sai suka ba shi sunan da suka sani tun fil azal, suka ce alƙali. Yara kan ce rafali, amma a bakin manya da gidajen rediyo alƙalin wasa ne har gobe. Suna ɗaya ke nan da na mai zama a kan buzu yana raba gado yana yanke hukuncin jini. Wanda ya raɗa wannan suna ya gane cewa duk inda mutum biyu suka miƙa wuya ga hukuncin na uku, to an shiga babin shari'a, ko da abin da ake jayayya a kansa fata ce da aka hura wa iska.

Wannan ne ya sa muka ga dacewar mu leƙa wata ƙasa mai nisa, mu duba yadda takaddamar alƙalanci take a wasan ƙwallon jami'o'in Amurka. Mun zaɓe ta ne saboda can ne aka fi kashe dukiya a kan wasan ɗalibai, can ne kuma aka adana tarihin kura-kuran alƙalai da kwanan wata da hoton bidiyo, har mai nazari zai iya jera su ya gwama. Abin da muke so mu tabbatar a wannan rubutu guda ɗaya ne: idan alƙali ya yi kuskure bayyananne, nauyi mafi girma yana kan wanda kuskuren ya amfana, kuma shi ne wanda duniyar yau ta daina tambaya.

Kafin mu shiga, wajibi ne mu ɗan fayyace wasan, domin ya sha bamban da tamaular da muka sani. Ƙwallon nasu doguwa ce kamar ƙwai, da hannu ake ɗaukarta a ruga ko a jefa wa abokin wasa, kowane ɓangare mutum 11. Tsawon filin yadi 100 ne tsakanin gida da gida. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da yunƙuri 4 kacal domin ta ci gaba da yadi 10. In ta ci, a sabunta mata wasu huɗun. In ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya shigar da ƙwallo gidan abokan hamayya ya sami maki 6. Idan alƙali ya ga laifi, sai ya jefa wani ƙyalle rawaya a ƙasa, a hukunta mai laifi ta hanyar mayar da shi baya yadi 5 ko 10 ko 15. A manyan wasanni alƙalai 8 ne a cikin fili, ga kuma wani a ɗaki yana duba maimaicin bidiyo, tsarin da aka fara gwadawa a 2004 kafin ya game ƙasar. Ɗalibai ne ke buga wasan, amma filin Jami'ar Mishigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da 107,000, kuma a 2022 rukunin jami'o'in da ake kira Big Ten ya ƙulla yarjejeniyar nuna wasanninsa a talabijin a kan kuɗi kimanin dala biliyan 7 cikin shekara 7. Alƙalan kuwa mafi yawansu suna da sana'o'insu na yau da kullum, alƙalancin aikin ƙarshen mako ne a wurinsu.

To ga labari na farko. Ranar 16 ga Nuwamba 1940 Jami'ar Cornell ta ziyarci Kwalejin Dartmouth. Cornell ta zo da tarihin wasa 18 a jere ba a doke ta ba. Ana dab da tashi Dartmouth na gaba da maki 3 da nema, Cornell kuma tana bakin gidansu. Ta yi yunƙurinta huɗu ba ta shiga ba. A cikin ruɗanin daƙiƙun ƙarshe sai lissafi ya ɓace wa babban alƙali, Red Friesell, ya ba ta yunƙuri na biyar, wanda babu shi a doka. A nan ta ci, aka tashi 7 da 3. Da aka wanke fim ɗin wasan aka duba, gaskiya ta fito fili. Alƙalin ya amsa kuskurensa a rubuce. Shugabannin Cornell, da mai horar da 'yan wasa Carl Snavely da shugaban jami'a Edmund Ezra Day, suka buga wa Dartmouth waya ta tangaraho cewa sun janye daga wannan nasara. Dartmouth ta karɓa. Har yau abin da ke rubuce a kundin tarihi shi ne Dartmouth 3, Cornell ba ko ɗaya. Babu dokar da ta tilasta musu, babu kotun da ta zauna.

Shekara 50 bayan haka, ranar 6 ga Oktoba 1990, irin wannan kuskure ya sake aukuwa ba ragi ba ƙari. Jami'ar Kolorado ta je gidan Jami'ar Mizuri, ana binta 31 da 27 saura 'yan daƙiƙu. Mai riƙe da allon ƙirga bai juya lamba ba bayan yunƙuri na biyu, alƙalai bakwai ba wanda ya ankara, Kolorado ta sami yunƙuri na biyar ta ci, aka tashi 33 da 31. Hukumar rukuninsu ta amsa cewa an yi kuskure, ta dakatar da alƙalan, ta ce sakamako yana nan daram. Mai horar da Kolorado, Bill McCartney, ya ƙi maganar mayar da nasara, ya koma yana kukan santsin filin. A ƙarshen wannan kaka Kolorado ta raba kambun ƙasa da Georgia Tech. Da an cire mata wannan nasara, da wuya ta kai ga wannan matsayi.

Kuskure iri ɗaya ne, hujja iri ɗaya, alƙalan duka biyu sun amsa laifinsu. Abin da ya raba 1940 da 1990 shi ne zuciyar wanda ya ci.

Tun daga nan hanyar Kolorado ce ta zama turba. A ranar 31 ga Oktoba 2015 Jami'ar Mayami ta doke Jami'ar Duke 30 da 27 a wasan ƙarshe na daƙiƙar ƙarshe, inda 'yan wasanta suka miƙa wa juna ƙwallo har sau 8. Washegari hukumar rukuninsu ta lissafa kura-kurai huɗu da alƙalai suka tafka a wannan wasa guda, har da cewa gwiwar ɗaya daga cikin 'yan Mayami ta taɓa ƙasa kafin ya saki ƙwallo, wanda da an gani da wasa ya ƙare Duke na gaba. Aka dakatar da alƙalan wasa biyu, Mayami ta riƙe nasararta. A ranar 10 ga Satumba 2016 kuma, lokaci ya cika Jami'ar Jihar Oklahoma na gaba 27 da 24, sai alƙalai suka ba Jami'ar Mishigan ta Tsakiya ƙarin yunƙuri ɗaya wanda doka ta hana a irin wannan hali. Ta ci da shi, 30 da 27. Babban alƙalin ya amsa kuskuren tun a ranar. Aka dakatar da su, sakamako bai motsa ba, domin dokar wasan ta ce da zarar alƙali ya ayyana an tashi, to maki sun tabbata.

Ku lura da tsarin, 'yan uwa. A kowane karo ana hukunta ƙaramin ma'aikaci mai karɓar ɗan alawus, a fitar da takardar ban haƙuri, sannan babbar jami'a ta naɗe abin da ba nata ba ta kai gida, a yi kiɗa a yi biki. Wanda aka zalunta ya sami takarda, wanda ya amfana ya sami kofi.

A nan ne karatunmu na zaure yake da abin faɗa, domin malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan ƙulli. Wanda ya zauna gaban malami ya karanci babin hukunci, ko a Risala ko a Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, ya san cewa kuskuren alƙali iri biyu ne. Akwai kuskuren ijtihadi, inda lamari ya rikice, hujjoji suka yi kusa da juna, alƙali ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya zaɓi ɗaya. Irin wannan hukunci ba a warware shi don wani alƙali ya ga saɓaninsa, domin in aka buɗe wannan ƙofa babu shari'ar da za ta ƙare har abada. Hadisi ma ya tabbatar wa alƙalin da ya yi ijtihadi ya kuskure lada guda. Akwai kuma hukuncin da ya saɓa wa nassi bayyananne ko ijma'i. Wannan malamanmu na Malikiyya sun ce warware shi ake yi, ko da wanda ya yanke shi ne da kansa zai warware. Wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari ta yi wa alƙali gargaɗi a kan haka: kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana masa yau.

Mu gwada wannan ma'auni a filin wasa. Ranar 3 ga Janairu 2003 aka buga wasan ƙarshe na ƙasa tsakanin Mayami da Jami'ar Jihar Ohayo. A ƙarin lokaci an jefa ƙwallo ga ɗan wasan Ohayo a cikin gida, bai riƙe ba. 'Yan Mayami suka ruga fili suna murna, har an fara harba wutar biki sama, sai ga ƙyallen wani alƙali mai suna Terry Porter ya faɗi a makare, yana cewa mai tsaron baya ya tare ɗan wasan kafin ƙwallo ta iso. Aka ci gaba da wasa, Ohayo ta yi nasara 31 da 24, ta katse wa Mayami jerin nasara 34. Fiye da shekara ashirin ke nan ana kallon wannan bidiyo, masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba: wasu na ganin laifi, wasu na ganin cuɗanya ce irin ta wasa. Wannan shi ne ijtihadi. Ba mu ce Ohayo ta mayar da kofi ba, kuma abin da ya kamaci Mayami shi ne haƙuri, duk da ɗacinsa. Amma ƙirga ɗaya zuwa huɗu babu ijtihadi a cikinsa. Biyar ba ta taɓa zama huɗu ba. Abin da ya faru a 1940 da 1990 da 2016 saɓa wa nassin doka ne ƙarara, a yunƙurin ƙarshe na wasa, inda babu sauran wani abu da zai biyo baya balle a ce da ƙila lamari ya sauya.

Sannan akwai wata ƙa'ida da ta fi wannan zurfi, ita ce kuma ƙashin bayan maganarmu. Hukuncin alƙali ba ya mayar da haram halal. Hadisin Uwar Muminai Ummu Salama, wanda Imamu Malik da Buhari da Muslim suka ruwaito, ma'anarsa ita ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa wa masu kawo masa ƙara cewa yana hukunci ne da abin da ya ji, kuma wani ya fi wani iya tsara hujja. Saboda haka duk wanda aka yanke wa wani abu daga haƙƙin ɗan uwansa, kada ya karɓa, yankin wuta ne aka yankar masa. In har fiyayyen halitta ya ɗora nauyin a kan wanda aka bai wa, ina ga hukuncin mai usur? Alƙali yana da uzurin cewa bai gani ba. Wanda ya zauna washegari ya kalli bidiyo, ya ƙirga da yatsunsa har biyar, shi ba shi da wannan uzuri.

Adalci ne mu saurari masu saɓa mana, domin hujjojinsu ba na wofi ba ne. Suna cewa, na ɗaya, dole wasa ya kasance yana da ƙarshe. In kowane sakamako zai jira binciken washegari, babu wanda zai yi murna ko ya koma gida da natsuwa. Na biyu, kura-kurai sun warwatsu a cikin wasa tun daga farko har ƙarshe, wani ya cuci wannan ɓangare wani ya cuci wancan, don me za a tsinci na ƙarshe kaɗai? Na uku, a wasan 1990 'yan Kolorado sun yi aiki ne da lambar da allo ya nuna musu. Jagoransu ya buga ƙwallo a ƙasa da gangan don tsayar da agogo a yunƙurin da ya zaci na uku ne alhali na huɗu ne, kuma da ya san gaskiyar lissafi da bai yi haka ba. Ke nan su ma kuskuren ya ruɗe su.

Hujja ta farko mun yarda da ita, shi ya sa ba mu nemi hukuma ta riƙa soke sakamako a kan kowane ƙorafi ba. Ƙarewar hukunci rahama ce. Sai dai dokar da ta ɗaure hannun hukuma ba ta ɗaure hannun wanda ya ci ba, kuma Cornell ta nuna haka. Hujja ta biyu tana da ƙarfi a kan kuskuren tsakiyar wasa, inda ba wanda ya san yadda sauran mintuna za su kasance da an yi daidai. Ba ta da ƙarfi a kan yunƙurin da aka ƙirƙira bayan wasa ya riga ya ƙare a doka, kamar na Oklahoma. Hujja ta uku ita ce mafi nauyi, kuma tana wanke ɗaliban da ke cikin fili daga zargin ha'inci. Amma iyakar abin da take nunawa shi ne ba a san wanda zai ci ba da an ƙirga daidai. Wanda bai san ko abu nasa ne ba, mafi ƙarancin abin da ya dace da shi shi ne ya ce a sake, ko ya yi shiru cikin kunya. Ɗora laifi a kan santsin fili ba ya cikin waɗannan biyu.

Me ya sauya tsakanin zamanin Cornell da namu? Ba mu ce mutanen da waliyyai ne ba. Abin da ya sauya shi ne farashin gaskiya. Nasara guda a yau tana iya zama tikitin shiga gasar ƙarshe mai kawo miliyoyin daloli, tana iya ƙara wa mai horarwa albashi ko ta tsare masa kujera. Tun 2018, da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi ƙofar halatta caca a kan wasanni, an sami ƙarin wasu miliyoyin mutane da kuɗinsu ke rataye a kan kowane ƙyalle da alƙali ya jefa. Shugaban jami'ar da zai yi irin abin da Day ya yi, sai ya shirya fuskantar masu ba da tallafi da 'yan caca da tsofaffin ɗalibai gaba ɗaya. Muna ganin wannan ya bayyana dalilin da ya sa abin ya yi wuya. Bai mayar da shi halal ba. Kuma abin takaicin shi ne makarantu ne waɗannan, wuraren da aka gina don tarbiyya. Ɗalibin da ya ga shugabanninsa sun rungume abin da suka san ba nasu ba ne don doka ta yi shiru, ya koyi darasin da ya fi duk na cikin aji zama a ransa.

Idan wanda ya ci ya daina jin kunya, sai wanda aka ci ya daina haƙuri, daga nan kuma sai taro ya karɓi alƙalanci. Ranar 19 ga Oktoba 2024 Jami'ar Teksas ta karɓi baƙuncin Jami'ar Jojiya a birnin Austin gaban mutum fiye da 100,000. Ɗan wasan Teksas ya cafke ƙwallon da Jojiya ta jefa, alƙali ya ce ya yi laifi, ya soke. Ɗalibai suka shiga jifan fili da gorunan ruwa har aka tsayar da wasa. A cikin wannan tsaiko, bayan an yi ta nuna maimaicin a babban allo, alƙalai suka haɗa kai suka janye hukuncinsu, alhali irin wannan laifi ba ya cikin waɗanda doka ta yarda a duba da bidiyo. Hukumar rukunin ta ce hukuncin farko bai yi daidai ba, ta kuma ci tarar Teksas dala 250,000 saboda jifan. Jojiya ce dai ta yi nasara 30 da 15, amma mai horar da ita, Kirby Smart, ya yi kukan cewa an kafa mummunar sunna: wanda ya yi jifa yana iya samun a sauya masa hukunci. Yana da gaskiya. Ko da hukunci na biyu shi ne daidai, ƙofar da ya shigo ta cikinta ɓarna ce, domin gobe masu jifa za su yi jifa ko suna da gaskiya ko ba su da ita.

A wannan gaɓa ce maganar ta iso ƙofar gidanmu. Mu da muke zaune a zanguna, tsiraru a cikin jama'a masu yawa, ya kamata mu fi kowa tsoron ranar da yawan masu ihu zai zama shi ne hujja. Bahaushe ya ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, to mu ba mu da yawan. Kadararmu a kotu, da wurin rabon rumfunan kasuwa, da gaban sarakunan ƙasa masu ba da fili, ita ce a sami alƙalin da ba ya jin tsoron taro, da doka wadda take ɗaya ga ɗan gida da baƙo. Duk saurayinmu da ya ɗauki dutse don alƙalin wasa ya ɓata masa rai, yana sare reshen da al'ummarsa take zaune a kai ne.

Kuma mun san ƙarshen jifa fiye da mutanen Teksas, mun san shi da gawawwaki. Ranar 9 ga Mayu 2001 a babban filin wasa na Akra, Hearts of Oak ta zura wa Asante Kotoko ƙwallo biyu a ƙarshen wasa, magoya baya suka fusata da alƙalanci suka fara ɓalle kujeru suna jifa, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa a cikin taro, ƙofofi kuma ba su wadatar ba. Mutum fiye da 120 suka rasu a turmutsitsin, da yawansu 'ya'yan unguwanninmu ne irin su Nima. Allah Ya jiƙansu da rahama. Babu wani maki a duniya da ya kai ran mutum ɗaya daga cikinsu.

Ba kuma muna wanke alƙalai ba ne. Kuskure daban, cin amana daban. A ranar 12 ga Nuwamba 2016 alƙali ɗan Gana, Joseph Lamptey, ya ba Afirka ta Kudu fanareti a kan Senegal bisa zargin taɓa ƙwallo da hannu, alhali a ƙafar Kalidou Koulibaly ta buga. FIFA ta bincika ta same shi da laifin murɗe sakamako, ta haramta masa alƙalanci har abada, ta ba da umarnin a sake wasan, Senegal ta ci 2 da nema a Nuwamba 2017. Binciken ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas na 2018 ya nuna alƙalai suna karɓar kuɗi a ɓoye. Irin waɗannan ba su da ladan ijtihadi, kuma tsinuwar mai ba da rashawa da mai karɓa sananniya ce a addininmu. Amma a lura cewa Senegal ta sami haƙƙinta ne ta hanyar rubuta ƙara da kawo hujja. Ba a jefi kowa ba.

Mu da Allah Ya sa muke zama kusa da manya muna rubuta sulhu idan an kawo ƙara fada, mun ga cewa rigimar da ta fi wuyar mutuwa ita ce wadda mai nasara ya san a ransa bai cancanta ba, kuma abokin shari'arsa ya san ya sani. Takarda takan rufe irin wannan magana, amma gaba tana nan, sai ta ɓullo a wurin neman aure ko zaɓen limami bayan shekaru. Rigimar da take mutuwa murus kuwa ita ce wadda wanda aka bai wa gaskiya ya miƙe ya ce, ranka ya daɗe, wannan ɓangaren ba nawa ba ne. Ba a cika samun haka ba, amma duk ranar da aka samu, zaure kan yi tsit, kuma sunan mutumin ba ya ɓacewa a bakin jama'a.

Saboda haka ga shawararmu ga masu shirya gasar unguwanni da ta makarantun Islamiyya da ta hutun Salla. A rubuta dokokin gasa tun kafin a buga wasan farko, a karanta wa kowace ƙungiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A bambanta a cikinsu tsakanin abin da idon alƙali ya gani, wanda ba a ɗaukaka ƙara a kansa, da saɓa wa rubutacciyar doka, kamar sa ɗan wasan da shekarunsa suka wuce ko tashi kafin lokaci ya cika, wanda kwamitin dattawa zai duba cikin kwana ɗaya ko biyu. A ɗauko alƙali daga wata unguwa, a biya shi haƙƙinsa daga asusun gasa kafin wasa, kada ya ci ko ya sha daga hannun ɗaya daga cikin ƙungiyoyi. A ba shi damar ya ce na kuskure ba tare da an wulaƙanta shi ba, domin alƙalin da ya san duka ke jiransa ba zai taɓa amsa laifi ba. Ƙungiyar da magoya bayanta suka yi jifa a cire ta, ko da ita ce aka cuta a wannan rana. Sannan, wanda ya fi duka muhimmanci, a tanadi girmamawa ta musamman a gaban sarki da malamai ga ƙungiyar da ta mayar da nasarar da ta gane ba tata ba ce, girmamawar da za ta fi ta mai kofi, don yara su ga da idonsu wanne ne manya suka fi ɗaukaka.

Iyaye da malamai kuma, idan yaro ya dawo gida yana dariya yana cewa ƙwallon da hannu ya ci amma rafali bai gani ba, wannan ita ce ranar karatu. In aka taya shi dariya, an koya masa cewa abin da ba a kama ba halal ne, kuma da wannan fatawa zai shiga kasuwa, da ita zai riƙe dukiyar marayu wata rana. Cornell ta rasa wancan wasa a 1940, ga shi bayan fiye da shekara tamanin muna ambatonta da alheri cikin harshen Hausa. Kolorado ta sami kambu, amma har yau ba a ambaton wannan kambu sai an haɗa da yunƙuri na biyar.

Allah Ya ba shugabanninmu da alƙalanmu ikon tsayar da adalci, Ya ba mu haƙuri idan an cuce mu, Ya ba mu ƙarfin zuciyar mayar da abin da ba namu ba idan an ba mu bisa kuskure. Allah ne mafi sani.